Jawabi a Walimar Yaye Sababbin Ma'aikatan Jinya, Limawa, Dutse

'Ya'yana da kuka dawo daga Birnin Kudu da shaidar kammala karatu, barkanku da arziki.

An ce in yi magana a matsayina na wadda ta tsufa cikin farin kaya, to bari in fara da kai ƙarar dangi. Ranar da yarinya ta samu gurbin karatun jinya, ranar unguwa ke naɗa ta likita. Ko abin awon jini ba ta iya ɗaurawa ba, amma hutun farko gwaggo ta iso da ledar magunguna a duba mata, kawu kuma ya ce shi allura yake so, ƙwaya ba ta jin sa. Ita kuwa baiwar Allah, cutar da aka koya mata da safe ita take ji a jikinta da daddare. Makon da aka karanta tarin fuka, rabin ɗakin kwana tari yake yi.

Ga kuma hadda. Ƙashi 206 a jikin baligi, alhali jariri da kusan 300 yake zuwa, suna haɗewa yana girma. Jar ƙwayar jini kwana 120 take yi a sake wata. Zuciya na bugawa kusan sau 100,000 a yini, ban da ranar jarrabawa.

Cikin irin waɗannan labarai akwai wanda nake so iyaye su ji. Abin sauraron ƙirjin nan da kuke ganin yaranku sun rataya a wuya, kunya ce ta haife shi. A shekarar 1816, wani likitan Faransa mai suna Laennec ya ji nauyin ɗora kunnensa a ƙirjin wata budurwa, yadda likitoci ke yi a lokacin. Sai ya naɗe takarda, ya kafa baki ɗaya a ƙirjinta, ɗayan a kunnensa, ya kuwa ji bugun zuciyar ya fi fitowa sarai.

'Ya'yana, kunyar nan ita za ku tarar a kowane gado, ko a Asibitin Rasheed Shekoni aka tura ku, ko a ƙaramin asibitin ƙauye. Ku tambayi Bahaushe yaya jiki, ko numfashi yana sarƙe masa "da sauƙi" zai ce. Dattijo ya gwammace ya kwana yana murƙususu da ya gaya wa sa'ar jikarsa fitsari ya ƙi fita. Mai cikin fari ta kwana biyu tana naƙuda a ɗaka, ba ta ko yi nishi surukai su ji ba. Wanda ya taɓa leƙa sashen masu yoyon fitsari a Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki tun 2008, ya san inda wannan shirun ke kai 'yan mata. Doguwar naƙuda ce: kan jariri ya danne mafitsara har naman wurin ya mutu, ya huje.

A nan haddar taku ke biyan kuɗinta. Ku amsa "Allah ya ƙara sauƙi" yadda tarbiyya ta koyar, sannan ku kama hannu ku ƙirga. Bugun jijiyar baligi daga 60 zuwa 100 ne a minti. Mai ciki da awon jininta ya kai 140 bisa 90, tana ciwon kai, idonta na ganin dishi-dishi, ba a ce mata ta dawo mako mai zuwa, jijjiga ce ke tafe. Ku ja labule, ku sassauta murya, a lokacin ne za a gaya muku gaskiya. Raha kuma ku yi ta, aikin dare ba ya tafiya sai da ita, amma a kan kanku da rubutun likitoci. Abin da kuka gani a jikin majinyaci ba labarin ɗakin hutu ba ne.

Iyaye da mazaje, gare ku nake da roƙo. Kowa na so a ce mace ce za ta karɓi haihuwar matarsa, amma da an sa tasa aikin dare sai fuska ta ɗaure. A Madina, Rufaida Al-Aslamiyya tanti ta kafa a masallaci tana jinyar masu rauni, kuma can Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa a kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Handaƙu. Naƙuda ba ta jiran gari ya waye. Ku bar su su tafi, ku raka su in da hali, da safe kuma a bar su su yi barci.

Allah ya sa albarka a hannuwanku, ya raba ku da kuskuren allura. Allah gafarta Malam, bisimilla a rufe mana da addu'a. Abinci na nan tafe, ga ruwa da sabulu a bakin ƙofa, kuma yau akwai masu sa ido da yawa.