Shade Thomas-Fahm da Yadin da Muka Bari Ya Mutu

 

Na san a cikin ɗakin nan akwai masu tambayar abin da ya haɗa mu da wata telar Legas. Akwai kuma malamai 'yan'uwana da har gobe suke ganin ɗinki bai kai a kawo shi zauren ilimi ba. Ga amsarsu a taƙaice: duk wanda ke zaune a nan, tela ne ya suturta shi kafin ya fito.

Tarihinta sananne ne. An haifi Folashade Thomas a Legas a 1933. A 1953 ta tafi Ingila da niyyar koyon aikin jinya, sai ta sauya hanya ta koyi tsara tufafi a makarantar St Martin's da ke Landan. Ta dawo gida a 1960, shekarar 'yancin kai, ta buɗe Maison Shade a Yaba, wanda daga baya ya zama Shade's Boutique. Ita ake dangantawa da gwaggwaron da aka riga aka naɗa, mace ta ɗora kawai ta fita, da zani mai zik wanda ba ya kwancewa a hanya, da doguwar rigar mata da ta ciro daga babbar rigar maza. Matan da suka fara shiga ofis a wancan zamani su ta yi wa wannan aiki.

Masu rubutu a kanta nan suke tsayawa, su yi ta yabon zik da gwaggwaro. Ni a wurina waɗannan ƙananan abubuwa ne. Babban aikinta shi ne yadin da ta zaɓa. A lokacin da 'yan boko ke ganin kayan Turai ne alamar wayewa, ita ashoke ta ɗauko, da adire, da saƙar Akwete, da saƙar Okene, ta yanka su da almakashin da ta koyo a Landan. Duk rigar da ta sayar, akwai masaƙi ko marini da ya ci abinci a bayanta. Wannan shi ne gadonta, kuma shi ne muka yar.

Ku zaga kasuwar Wuse gobe da safe. Teloli sun cika ta, kuma hannunsu na da kyau, ba na musu. Matan Abuja masu shagunan ɗinki a Maitama da Wuse II suna fitar da kayan amare da za a kai ko'ina a duniya ba kunya. Amma ku tambaye su daga ina yadin ya fito. Shaddar Getzner daga Ostiriya, atamfar Vlisco daga Holan, sauran kuwa, wanda shi ne mafi yawa, daga Sin. Kuɗin ɗinki ne kawai ke kwana a ƙasar nan. Kuɗin auduga, da na zare, da na saƙa, da na rini, duk sun haye teku.

Kuma mu ne ya kamata wannan ya fi yi wa ciwo. Da matafiyi Bajamushe Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, ya tarar yadin Kano na tafiya har Tambutu da Tarabulus. Saƙi, tsamiya, barage, gwado, luru, da turkuɗin Kura da Buzaye ke naɗawa, duk namu ne. Tsohuwa na kaɗi da mazari a tsakar gida, masaƙi na jiran zarenta, marini na jiran masaƙi a bakin karofi. Da zamani ya zo, Sardauna bai zauna ba. Masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957, shekara uku kafin Shade ta buɗe shagonta, wasu masaƙun suka biyo baya har unguwar Kakuri ta Kaduna ta zama gari guda na ma'aikata. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, masaƙar UNTL ta bi ta a 2007. Kantin Kwari na nan cike maƙil, amma dilolin da ake saukewa ba na Kakuri ba ne. Marinar Ƙofar Mata ta Kano kuwa ta koma wurin da ake kai baƙi su ɗauki hoto. A ce yau wata yarinya daga Zariya ta dawo da ilimin Shade da zuciyar Shade, wane yadi za ta yanka?

Za a ce mini kasuwa ce, na waje ya fi araha, mai saye kuma ba a yi masa dole. Na sha jin wannan. Masu faɗin haka ba sa tambayar me ya sa ya fi araha, ba sa maganar wutar lantarki, ba sa maganar fasa-ƙwauri a kan iyaka. A 2019 Babban Bankin Najeriya ya hana masu shigo da yadi samun kuɗin waje daga hannunsa. Ku leƙa kasuwa ku gani ko yadin ya daina shigowa.

Sai maganar ajiya. A 2022 gidan tarihi na Victoria and Albert da ke Landan ya shirya baje kolin Africa Fashion, ya sa Shade a sahun magabata tare da Chris Seydou na Mali, Kofi Ansah na Gana, Naïma Bennis ta Maroko da Alphadi na Nijar. Wato ɗalibin da ke son ganin ɗinkinta da idonsa, Landan ta fi yi masa sauƙi a kan babban birnin ƙasarsa. Ginin Millennium Tower na Abuja da cibiyar al'adun da ke haɗe da shi, an fara su tun 2006, kuma kowa a nan ya san halin da suke ciki. Ladi Kwali mai ginin tukwane ta yi sa'a, hotonta na kan naira 20, akwai titi da sunanta a Abuja. Matan birnin Zariya masu ɗinkin hannu a babbar riga, da matan da suka fara taka keken ɗinki a cikin gidajen Kano da Katsina suka riƙe 'ya'ya da shi, wa ya rubuta sunansu? Kowace unguwa tana da tata Shade ɗin, kuma suna ta rasuwa ɗaya bayan ɗaya.

Abin da nake nema ba sabo ba ne, na daɗe ina faɗa. Gwamnati ita ce babbar mai sayen yadi a ƙasar nan: kayan 'yan makaranta, kakin masu yi wa ƙasa hidima, na 'yan sanda, na asibitoci. Umarnin shugaban ƙasa mai lamba 003 na 2017 ya riga ya ce a fifita kayan gida, saura a yi aiki da shi. A ware ɗaki ɗaya a Cibiyar Bunƙasa Mata ta Maryam Babangida, a ajiye tufafi da sunan wadda ta ɗinka da shekarar ɗinkin. Sassan da ke koyar da yadi a Jami'ar Ahmadu Bello su tura ɗalibai da na'urar ɗaukar murya zuwa ga tsofaffin teloli mata, tun suna iya magana.

Ku kuma 'ya'yana masu shagunan ɗinki, na gan ku a kujerun baya. A cikin kayan kowace amarya da za ku haɗa bana, ku sa kala ɗaya na saƙar gida, ku biya masaƙin da daraja, ku rubuta sunan garinsa a jikin rigar.