Jawabin Ɗan Takararmu: Ga Rana Kyauta, Ga Wuta Da Tsada

Iyayena, 'yan'uwana maza da mata na 220 Logements, da na Adjamé da Treichville baki ɗaya.

Ba sai na gaya muku yadda kuɗin wuta ke cinye aljihu ba. A Janairun 2024 gwamnati ta ƙara masa kashi 10 cikin 100. Tela, mai walda, hajiya mai sayar da ƙanƙara, daga ribarku aka yanka.

Mafi yawan wutar ƙasar nan da gas ake samar da ita, a Azito da Vridi, gas kuwa saye ake yi. Rana fa? Allah ya ba mu kyauta. Amma sai da suka shekara 13 kan mulki kafin su buɗe babbar tashar sola ta farko, a Boundiali, cikin Afrilun 2024. Megawat 37.5 kacal, shi ma da tallafin Jamus da Tarayyar Turai.

Ku masu fatauci zuwa Maraɗi da Kano, kun ga sola bisa rufin shaguna. Ku ma kuna so, biyan kuɗin a dunƙule ne ya gagara.

In kun ba mu amana, ƙaramin ɗan kasuwa zai samu bashin sola, ya riƙa biya kaɗan-kaɗan ta waya. Za mu ɗora sola bisa kasuwanni da makarantu, mu koya wa samarinmu haɗawa da gyara.

Rana ba ta ƙarya. Ranar zaɓe ku fito da katinku tun da sassafe.

Allah ya ba mu nasara.