Jawabin malaman lakwal ƴan Kona: ta'aziyyar da ke wuyanmu

Mai gari, Allah ya ja zamaninka. Baba Liman, Allah ya gafarta malam. Iyayenmu dattawa, da ƴan uwa da kuka taso daga Kano, Agadas da Yamai, sannunku da hanya.

Yau ba maganar rufin aji ko kuɗin alli ta tsaida mu gabanku ba. Rasuwa muka zo faɗa muku. Cikin shekara guda mun rasa mutum biyu daga waɗanda suka koyar da mu a Ekol Normal ta Maradi, namiji da mace, kuma dukansu Kiristoci ne. Fanninsu ɗaya, sikoloji, wato sanin yadda hankalin yaro ke girma. Ba wanda ya san fuskarsu cikinku, amma duk wanda ɗansa ya zauna a ajinmu ya ci moriyarsu.

Mushen, kakansa ɗan Dahome ne, ƙasar da ake kira Benin tun 1975. Dattawa sun tuna malamai da akawuna ƴan Dahome da suka yi aiki a ƙasar nan, da yadda aka kore su a ƙarshen 1963 kan rigimar tsibirin Lete. Shi a Maradi aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasunmu.

Wata safiya ya shigo mana da gero da yara biyu. Ya auna tiya ɗaya ya baza a faranti, ya auna wata ya zuba a dogon gwangwani, duk a kan idonsu. Ya tambayi ɗan shekara 5 ina gero ya fi yawa. Yaro ya nuna gwangwani, don ya fi tsawo. Ɗan shekara 8 kuwa ya yi dariya, ya ce ai duk ɗaya ne. Sannan mushe ya faɗa mana mai wannan dabara, Jean Piaget, shehun malami a jami'ar Janeba ta ƙasar Suwis, wanda aka haifa a 1896 ya rasu a 1980. Shi da ruwa da kofuna ya gwada yara, ya gano cewa sai wajen shekara 7 yaro ke riƙe cewa yawan abu ba ya canzawa don an canza masa mazubi. Ƙaramin ba daƙiƙi ba ne, lokacinsa ne bai yi ba.

Mu kuwa da dorina muka tashi, kuma mun yarda da ita. Ba za mu yi ƙarya gaban iyayenmu mu ce hannunmu ya rabu da bulala ƙaƙaf ba, wanda ya taɓa tsayawa gaban yara saba'in cikin zafin bazara ya sani. Amma sau da yawa hannu ya ɗaga, sai gwangwanin nan ya faɗo mana a rai, mu aika yaro ya tsinto duwatsu mu sake lissafin tare.

Madam ɗin ƴar Tsibiri ce, daga gidajen da suka bi mishan SIM, wadda ta fara sauka Damagaram a 1924. Ita ta koya mana cewa yaro ya fi saurin kama karatu da harshen da ya sha a nono, ta ba mu labarin lakwal ɗin gwaji da aka buɗe da Hausa a Damagaram a 1973. Da azumi takan dawo da jarrabawarta da sassafe don kada ƙishirwa ta ci makinmu. Ba ta taɓa yi mana wa'azin addininta ba, ko sau ɗaya.

Ga inda muka gaza. A Janairun 2015 aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai, a Yunin 2019 aka ƙona wata a Maradi. Lambar wayarsu tana hannunmu, amma ba wanda ya kira ya ce musu sannu. Kunya ce ko tsoron bakin mutane, Allah ya sani. Muna ta cewa sai mun shiga birni, har suka rasu.

Da muka fara zancen ta'aziyya, wani ya ja mu gefe ya ce anya ya halatta? Baba Liman, kai ne masani. Mu dai a makarantar zaure muka ji cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar wani Bayahude. Muna roƙonka ka koya mana kalmomin da suka dace a faɗa a gidan makokin wanda ba Musulmi ba, don kada mu yi kuskure.

Abin da muke nema a wurin ƙungiya kaɗan ne. Bayan kaka a tura dattawa biyu su raka mu Maradi da Tsibiri, don iyalansu su ga furfura, ba samari kaɗai ba. Gidan da ya samu hali ya ba da tiyar gero. Kuɗin mota mu malamai mun ɗauka, jika biyu-biyu. Wanda zai je ya ba ma'aji sunansa kafin ƴan cin rani su koma.

Allah ya maida kowa gida lafiya.