Tabkinmu na Madarunfa: jawabin da aka yi a taron ƙungiya

Mai gari, iyayenmu dattawa, iyaye mata, masunta da masu garka, ina gaishe ku. An ce in yi magana bisa tabki. Yaro ne ni gaban waɗanda suka riga ni shan ruwansa, sai ku yi mini haƙuri.

Tabkin nan yana kudu maso gabas da Maraɗi, wajen kilomita 25. Ruwan sama da muke samu, kamar milimita 500 zuwa 600 a shekara, bai isa ya cika shi ba. Gulabe ke ciyar da shi, Gulbin Gabi da Gulbin Maraɗi, wanda ke fitowa daga ƙasar Katsina. In damana ta yi kyau, ruwa yakan rufe hekta wajen 800. Da bazara kuwa sai ya ja baya, ya koma kusan rabi, don rana da iska kaɗai suna shanye kusan mita 2 na ruwa kowace shekara. Tun da aka gina madatsar Jibiya, wajen 1990, gulbi ba ya zuwa da ƙarfinsa na da.

Wannan ba a hannunmu yake ba. Ga abin da ke hannunmu.

Ran nan na cika ƙwarya da ruwa gaban ƴan lakwal, na riƙa zuba rairayi kaɗan kaɗan. Ruwa ya malale ƙasa. Na ce musu: haka tabkinmu yake. Kowace damana ƙoramu suna kwaso rairayi da laka daga gonaki su zube ciki. Ciki yana cikewa, zurfi yana raguwa, kuma ruwa marar zurfi shi ke saurin ƙafewa.

Mi ke tare rairayin nan? Itace. Giyayya da bagaruwa suna jure tsayuwa cikin ruwa, saiwoyinsu ke riƙe gaɓa. Can tudu ga kanya, ga tsamiya, ga gawo, ga kuka. Ciyawar bakin ruwa kuma tana tace laka kamar rariya, cikinta ƙananan karfasa da tarwaɗa ke ɓuya har su girma. Wanda ya sare giyayya guda don itacen wuta, ko ya kai garma har bakin ruwa, ƙofa ya buɗe wa rairayi.

A 2019 an sa tabkinmu cikin jerin wuraren dausayi masu daraja na duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta 1971. Abin alfahari ne. Amma takarda ba ta tare rairayi. Baƙi suna zuwa ziyarar kaburburan waliyyai 99 su koma gida. Mu ne ke kwana nan.

Saboda haka ina roƙon ƙungiya abu uku. Na ɗaya, mu bar fili tsakanin gona da ruwa, kada a noma shi. Na biyu, kowane gida ya dasa bagaruwa a gaɓa da faɗuwar damana, ƴan lakwal za su rena irin. Na uku, masunta su aje taru mai ƙananan ido, a bar ƴaƴan kifi su girma.

Dattawa sun ga yunwar 1973 da ta 1984, sun san darajar ruwan da ke kwana har rani. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya bar mana tabkinmu.