Awa 72: Ɗalibai Mata da Maganin Gaggawa na Hana Ɗaukar Ciki



Maganin da zan yi magana a kansa ya riga ya iso garuruwanmu. Ana sayar da shi a kemis, kuma an fi saninsa da sunan Postinor-2. Abin da bai iso ba shi ne bayaninsa.

Sinadarinsa levonorgestrel ne, aikinsa kuwa jinkirta fitar ƙwan mace don kada ya haɗu da maniyyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ba ya zubar da cikin da ya riga ya shiga. Ana shan sa cikin awa 72, kuma gwargwadon saurin sha gwargwadon amfaninsa. Robar mahaifa mai tagulla ta fi shi inganci, ana iya saka ta har kwana 5, amma sai da ma'aikaciyar da ta ƙware.

Na san abin da ke ran wasunku: wai wannan buɗe wa 'yan mata ƙofar lalata ne. To, mu dubi waɗanda muke turawa Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Kwalejin Shehu Shagari daga Tambuwal da Kebbe. Da yawansu matan aure ne. Ga goyo, ga jarrabawa, maigida ya zo ziyara, ranar allurar tazarar haihuwa ta wuce ba a sani ba. Hukuncin shan maganin a irin wannan hali sai malamanmu, waɗanda suka san babin azalu a fiƙihu fiye da ni.

Sai kuma wadda aka yi wa fyaɗe. A nan nake so mu ɗan tsaya. Tun 2021 Jihar Sakkwato ta sa hannu kan dokar VAPP mai hana cin zarafin mutane, kuma akwai Cibiyar Nana Khadija mai kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe a Asibitin Ƙwararru na Sakkwato. Amma ku lissafa: ranar farko kuka ne a ɗaki, ta biyu a gaya wa inna, ta uku dangi su zauna kan yadda za a rufa asiri. Kafin a sami motar Sakkwato daga ƙauyen Kebbe, awa 72 ta ƙare, tare da damar shan maganin kariya daga HIV, wanda shi ma wa'adinsa ke nan.

Wadda kunya ta hana tambaya kuwa, sai ƙawa ta ce mata ta sha kanwa ko ruwan gishiri. Babu abin da suke hanawa. Wata ta aiki yaro kemis ya sayo jabu, alhali NAFDAC ta yi gargaɗi kan jabun Postinor-2. Wata ta mai da shi na kullum, ga shi bai kai allura ko ashanar hannu inganci ba, ba ya kuma kare cutar sanyi.

Roƙona ga shugabannin ƙananan hukumominmu biyu: a ajiye sahihin maganin a manyan asibitocin Tambuwal da Kebbe da asibitocin makarantu, a hannun ma'aikaciya mace mai riƙon amana, dare da rana. Iyaye mata kuma, in fyaɗe ya faru, a fara da asibiti kafin zaman dangi.