Panshekara: Ƙasarmu, Jama'armu da Makomar Ƙungiyarmu
Jawabin shugabar ƙungiya a taron zagayowar ranar kafa ta

 

Iyayenmu mata, wakilin mai girma Dagaci, masu unguwanni, mazajenmu da suka ba mu izini muka fito, 'yan uwa mambobi da 'ya'yanmu, muna yi muku barka da zuwa. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya sake nuna mana wannan rana. Waɗanda muka fara tafiyar nan da su suka riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu da rahama.

Ma'aji za ta karanto mana lissafin kuɗi bayan wannan. Mu namu jawabin a kan garin da muke zaune ne, domin duk sana'ar da muke yi, a kan ƙasar nan muke yin ta, kuma mutanen cikinta muke sayar wa.

Panshekara tana kudu maso yamma da birnin Kano, ɗaya ce daga mazaɓu 11 na Ƙaramar Hukumar Kumbotso. Ita kuwa Kumbotso tana cikin ƙananan hukumomi takwas da ake lissafa su a matsayin birni da kewaye. Kogin Chalawa yana kudu da mu, ya gangara ya haɗu da Kogin Kano. Ƙasarmu iri biyu ce: akwai jigawa mai rairayi inda iyayenmu suke noman gero, dawa, gyaɗa da wake, akwai kuma fadama ta bakin kogi inda ake lambu da rani. Damina wata huɗu ce zuwa biyar, ruwa ya fi ƙarfi a Agusta.

Wannan kogi shi ya jawo mana kusan komai. Layin dogo da ya iso Kano a 1911 ta yankin nan ya ratsa. A farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, daga Chalawa aka fara tura wa birni ruwan famfo. Daga baya masana'antu suka zo, musamman na jimar fata, ma'aikata suka biyo su. A 2023 kuma aka buɗe tashar sauke kaya ta kan tudu a Zawaciki, nan maƙwabtanmu. Kun ga ke nan, ba banza mutane ke tururuwa zuwa nan ba.

To, mu nawa ne? A ƙidayar 2006 an samu mutum sama da dubu 290 a Kumbotso gaba ɗaya, a faɗin ƙasa murabba'in kilomita 158. Tun daga nan ba a sake ƙidaya ba. Wadda aka shirya a 2023 ɗage ta aka yi. Yarinyar da aka haifa a shekarar ƙidayar, yau wata tana cikin ɗakin nan da goyo a bayanta. Ke nan duk wanda zai yi mana lissafin aji, ko gadon haihuwa, ko famfo da alƙaluman 2006, lissafin wani gari yake yi, ba wannan da muke ciki ba.

Ai ba sai an faɗa mana ba. Inda muka san gona, yanzu gidan bulo ne. Haya ta yi tsada a cikin gari, gidan gado ya yi wa magada kaɗan, sai a fito bayan gari a sayi fili awon igiya, hamsin-hamsin, a yi ɗaki biyu a tare. Ga kuma 'yan uwanmu da suka taso daga ƙauyuka da wasu jihohi, wasu neman abinci, wasu gudun fitina. Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. To wanda ya sayi fili ya kafa tubali ya haifi 'ya'ya a nan, wallahi ya wuce raɓa.

Wannan cika tana da daɗi, tana da ciwo. Daɗinta, ciniki ya ƙaru. Mai ƙuli-ƙuli, mai man gyaɗa, mai ɗinki, mai awara, mai sabulu, kowa ta shaida. Ciwonta kuma, awon igiya ba ya barin hanyar ruwa. An cike kududdufai an yi gini a kai, in Agusta ta zo ruwa ya nemi tsohuwar hanyarsa, sai ya same ta a tsakar gidan wata. Gyaɗar da muke saye a bakin gona, yanzu sai an hau mota an biya kuɗin dako. Ruwan da masana'antu ke saki ya daɗe yana damun masu lambu. Ga shi muna maƙwabtaka da kogin da ke shayar da birni, amma da yawanmu kullum sai mun tsayar da ɗan garuwa. Kuɗin ruwan nan daga ribar sana'a yake fita, ko ba haka ba?

Saboda haka shugabanni sun kawo shawara huɗu.

Ta farko, mu ƙirga kanmu. Da izinin masu unguwanni da mazajenmu, kowace mamba ta ɗauki layinta: gida nawa, matan aure nawa, masu sana'a nawa, zawarawa da marayu nawa, yara nawa ne ba sa zuwa makaranta. Wadda ba ta rubutu, 'yarta ta riƙe mata biro. Ranar da za mu je gaban kansila ko ofishin ƙaramar hukuma, da littafi za mu je, ba da "mu dai muna da yawa" ba.

Ta biyu, mu buɗe ƙofa ga matan sababbin unguwanni. Mun san abin da wasu ke tsoro: wadda ba a san asalinta ba ta karɓi rance ta tashi. Tsoron yana da hujja. Maganinsa, tsofaffin mambobi biyu su tsaya mata, ta fara da zubi kafin a ba ta rance. Amma in muka rufe ƙofa, ƙungiya za ta tsufa tare da mu, gari kuwa ya wuce ya bar mu.

Ta uku, mu buɗe asusun fili. Har yau a aro muke taro, injin niƙanmu a gidan haya yake. Fili a nan ba ya jiran kowa. In za mu saya, a kan tudu, ba cikon kududdufi ba, da shaidu da takarda, da sunan ƙungiya ba da sunan mutum ɗaya ba.

Ta huɗu, maganar gado. Dillalai na yawo, kuɗi na da daɗin gani. 'Yar uwa, in aka raba gona aka ba ki rabonki da Allah Ya yanka miki, kada ki sa hannu a takardar da ba a karanta miki ba, kuma kada ki sayar don biki. Ki zo mu yi shawara. Kuɗin biki mako guda ne, fili kuwa har jikoki.

Za a kaɗa ƙuri'a kan shawarwarin nan a taron wata mai zuwa. Kowa ta je ta tattauna da maigidanta, ta zo da ra'ayinta. Ku kuma iyayen gida, muna roƙon ku ci gaba da ba mu goyon baya, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya zaunar da garinmu lafiya, Ya albarkaci sana'o'inmu da zuri'armu, Ya maimaita mana.