Lacca A Kan Jawo Wutar Lantarki

'Yan'uwanmu talakawa da 'yan kasuwar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ku kasa kunne, don rashin sani ya fi dare duhu.

Tun 2013 kamfanin KEDCO ke raba wuta a Kano da Katsina da Jigawa, hukumar NERC kuwa ita ke kafa masa doka. To, ga abin da ke kanmu. Mu sa gwani mai lasin ya haɗa wayoyin gida ko kanti. Mu cika takardar neman wuta. Wayar da za ta shigo mana daga falwaya, mu ne da saye. Ko kwabo muka biya, mu karɓi rasit.

Ga na kamfani kuma. Taransifoma da falwayoyin titi aikinsa ne, ba a tilasta wa unguwa karo-karo. Ba a jona sabon wuri sai da mita, don kada tela ko mai injin niƙa ya biya kuɗin ƙiyasi.

In aka danne mana hakki, mu kai ƙara ofishin kamfani a rubuce. In ba a share mana hawaye ba, sai gaban NERC. Amma kul, ban da satar wuta. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin "as". Allah ya taimake mu.